Mai Suna Uku

Zuwa ga Furera, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, yayyafin farko da manomi ke ɗaga kai yana jira!

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, yau kwana tara ina zuwa ƙofar gidanku ana ce mini kina daka. Haba Furera! Wane irin gero ne wannan, a shekarar da kowa ke auna tsaba da gwangwani?

Na san inda gizo ke saƙar. Ni na je wurin mai tura finafinai a Bici, na ce ya zuba mini na Indiya a wayata, fassarar Hausa, mai waƙa da furanni, ko kya ɗan manta tsadar nan. Bawan Allah ya zubo mana bala'i! Kin tuna yammacin, a gindin ɗorawar bayan gidanku, ni da ke da yayarki Huseina? Waƙa ko ɗaya babu. Harbi, sara, jini kamar zai ɗigo daga wayar. Ni da nake danne rago ranar layya, sau biyu ina kau da kai. Amma ke ba jinin ne ya taɓa ki ba. Ɗan leƙen asirin nan ne, da ya shiga garin mutane da sunan aro, ya auri 'yarsu, ya ci tuwonsu shekara bakwai, ya ja musu mutuwa ya yi gaba, matar na kuka tana kiran sunan da ba nasa ba. Na ga kallon da kika yi mini a lokacin.

Washegari kika ji 'yan acaɓa na kirana Mati, ke kuwa Ɗanliti kika sani. Huseina kuma ta leƙa katin zaɓena, ta ga Muhammadu Sani. Shi ke nan, na zama ɗan leƙen asiri! Ban ga laifinki ba. A zamanin da ake raɗe-raɗin masu kai wa ɓarayin daji rahoto, baƙo mai suna uku abin tsoro ne, kuma na ji Babanku ya fara shakkar ba ni ke.

To saurara, farin cikina. Ran Litinin aka haife ni, ga Ɗanliti. Mati shi ne mai babur ɗin da nake haya, sunan ya biyo babur ya manne mini kamar ƙarangiya. Muhammadu Sani kuwa sunan kakana ne, mahaifin babana, kuma Innata ba ta taɓa furta shi ba saboda kunyar suruki. Wannan ƙarya ce ko kunya? Wane asiri zan ɓoye a ƙasar da gona ke jingine da gona, ka yi atishawa a Makoda a amsa maka a Bici? Baba ya tura wanda ya so ƙauyenmu, har ungozomar da ta yanke mini cibiya tana nan da ranta.

Wallahi kewarki ta hana ni jin ɗanɗanon fura, amma gabana bai faɗi ba ko sau ɗaya. Juma'ar nan baffannina za su zo gaishe da Baba, kuma da yardar Allah da farin labari za su koma.

Abu ɗaya nake roƙo. Sunan nan da kike tuhuma, ki faɗe shi son ranki tun yanzu, domin ranar da liman ya faɗe shi a gaban jama'a, ke ma kunya za ta rufe miki baki kamar Inna. Dole ki laƙaba mini na huɗu, kuma shi zan amsa har ƙasa ta rufe idona.

Naki, mai jiran suna daga bakinki.