Hannuwan Baba Ba Su Manta Ba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da amarya da 'yar jaririyar da har yanzu a hoto kawai muka san ta. Allah ya raya ta, ya ba mahaifiyarta lafiyar shayarwa, kai kuma ya sauƙaƙa maka aikin nan da ka ce yana cinye maka har ranakun hutu. Mu ma muna nan lafiya, alhamdu lillahi, tunda dai muna tashi da ƙafafunmu. Baban yara yana nan yana fama da tsohuwar motarsa, 'yan biyu sun shiga ajin ƙarshe, Goggo kuma ta warke daga ciwon ido, yanzu ba abin da yake wuce ta a gidan nan sai ta yi magana a kai. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ni da kyan hannu, amma yanzu alƙalami nauyi yake yi mini. Kwana uku na ɗauka ina rubuta wannan, kuma abin da ya jawo haka shi ne abin da nake so mu yi magana a kai.

Na zaɓi takarda ne domin a waya ba na iya faɗa maka gaskiya. Da ka tambayi jikin Baba sai bakina ya riga ni cewa da sauƙi, kai kuma ka yi hamdala, mu koma zancen jaririya. To, ba da sauƙi ba ne, Auta. Mantuwar ta ƙaru sosai. Bai san rana ba, bai san wata ba, kullum sai ya tambayi ina Inna ta shiga, shekara shida ke nan da rasuwarta. Ɗaliban da ya horar a dabarun kare kai shekara talatin suna zuwa gaishe shi, ya dube su kamar masu karanta mita. Ƙafafunsa sun yi rauni, daga gado zuwa kujerar bakin taga sai an riƙe shi. Abu ɗaya ne bai bar shi ba, hannuwansa.

Kai ka san sunan kowace dabara, domin kai ne ɗan gaban goshi a zauren horon nan na bayan gida. Ni da ido kawai na san su, daga bakin ƙofa, da tsintsiya a hannuna, ina jira ku gama in share tabarmin roba. Amma na kalla har na haddace. Mutum biyu su tsaya kusa da kusa, wuyan hannu a manne da wuyan hannu, suna juyawa a hankali, kowa yana sauraron ɗan'uwansa ta fata. Da ɗaya ya turo, sai ɗayan ya make hannun ƙasa, ya gicciya shi a kan ɗaya hannun, ya danne duka biyun da hannu guda, nasa ɗayan kuma ya rage a sake. Kulle hannu, in ji Baba. To, yanzu duk wanda ya miƙa masa hannu, ko da cokali ne, ko da tawul, abin da zai samu ke nan.

Mai jinyar farko, wata baiwar Allah mai sanyin hali, ta zo goge masa fuska. Kafin ta ankara hannuwanta biyu suna danne a cikinta, dunƙulen Baba kuma yana tsaye daidai hancinta. Bai dake ta ba, ka san bai taɓa dukan kowa ba. Ta ninke tawul ɗin, ta ɗauki jakarta, ta ce in yafe mata. Na biyu namiji ne, ƙato, ya ce shi ya saba da irin waɗannan tsofaffin. Ya sa ƙarfi, Baba ya kauce ya ja shi da ƙarfin nasa, sai ga ƙato ya daki kabad da kafaɗa, wuyan hannunsa ya gurɗe. Na yi ta ba shi haƙuri har bakin titi, na dawo na shiga banɗaki na yi dariya, daga dariyar kuma na zarce da kuka.

Likita ya ba mu zaɓi biyu: maganin da zai kwantar da shi, ko kuma wani maɗauri mai laushi da ake ɗaure hannun mara lafiya a jikin gado lokacin wanka da ba da magani. Mun gwada maganin mako guda. Ya wuni yana gyangyaɗi, yawu yana zuba a rigarsa, rana ta shida ya faɗi a banɗaki ya fasa goshi. Na dakatar. Tun daga nan Kawu ya kafe a kan ɗauri. Ba na zarginsa, Baba yayansa ne, kuma ya ce ya fi son ya ga an ɗaure shi da a wayi gari ya karya wani ko ya karya kansa. Har ya sayo maɗaurin, ya kawo a leda ya ajiye a kan firij. Ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata mai kamawa, in ba a samu wata hanya ba shi da kansa zai zo ya ɗaura.

Yanzu bari in faɗa maka abin da na ɓoye. Ka tuna ranar da ka kira ka nuna mini a hoton waya yadda zan ɓullo masa? Ka ce yanzu hagunsa ta yi nauyi, in jira ya turo dama, in make ta, in gicciya a kan hagun, in danne a gwiwar hannu, ba zai iya motsi ba. Daga baya ka tambaye ni, na ce ban gwada ba. Ƙarya na yi maka. Na gwada, kuma ta ci, daidai yadda ka faɗa. Da hannu ɗaya na kulle Baba, da ɗayan na goge masa fuska, na sa masa ƙwayar magani a baki. Ya ja sau ɗaya, ya ja sau biyu, sannan ya saki jiki. Ya sunkuya yana kallon hannuwansa a gicciye a cinyarsa kamar ba nasa ba. Kwana biyu bai ci abinci ba, ya juya wa ƙofa baya, hannuwan a matse a hammata. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan lokacin ba. Shawararka daidai take, Auta, shi ya sa ta yi ɓarna. Tun daga ranar na san abin da maɗaurin Kawu zai yi masa, domin na riga na gani da idona.

Dogo ne ya buɗe mini ido ba tare da ya sani ba, tsohon ɗalibin nan da yake walda yanzu. Ya zo gaisuwa da hantsi, ya miƙa hannu, Baba ya manne masa. Maimakon ya janye, sai ya gyara tsayuwa suka shiga juyawa. Can sai gwiwar hannun Dogo ta ɗaga, halinsa na tun da. Baba ya kulle shi, ya ɗan buga masa yatsa biyu a wurin, ya ce gwiwa ƙasa. Dogo ya gyara, suka sake zagaye biyu, Baba ya gyaɗa kai, ya sauke hannuwansa, ya ce a ba shi ruwa. Ni na miƙa masa kofin, ya karɓa kamar kowane tsoho. Dogo yana ta dariya wai shekara talatin gyara ɗaya ake yi masa, ni kuwa na tsaya da tire a hannu na kasa motsi. Ashe ba faɗa yake yi ba, darasi yake bayarwa. Duk wanda ya miƙo hannu ɗalibi ne a wurinsa, kuma darasi ba ya ƙarewa sai ya sami abin gyarawa ya ga an gyara. Masu jinya ɗaya ta gudu, ɗaya ya yi kokawa, ni kuma na kayar da malami a ajinsa.

To, ka ji aikina yanzu, sau uku a rana: kafin wankan safe, kafin maganin rana, kafin abincin yamma. In jawo kujera in zauna gabansa, in ɗora wuyan hannuna a kan nasa, mu yi ta juyawa. In na ga ya ɗumama sai in ɗaga gwiwar hannuna da gangan. Ya make, ya gicciya, ya danne, ya gyara mini, in nuna na gane, ya gyaɗa kai. Daga nan ina da kamar rubu'in awa da zan cire masa riga, in wanke shi, in ba shi abin da zan ba shi, yana ta ba ni labarin yadda zan zama gwani in na daina gaggawa. Da sunanka yake kirana, ka sani. Ni ce Auta a ɗakin nan, kuma wai na lalace, da can na fi haka.

Kada ka ga tsufansa, ƙasusuwan nan nasa kamar ƙarfe suke. Wuyan hannuna duka biyu sun yi baƙi sun kumbura, da safe sai na jiƙa su a ruwan ɗumi kafin in iya murɗa famfo. Almakashi ya gagare ni. Yadin mutane yana nan jibge a kan keken ɗinkina, wasu sun zo sun kwashe nasu, ban ga laifinsu ba. Baban yara ya ce zai karɓe ni, ya zauna gaban Baba a sandare, Baba ya taɓa shi sau ɗaya ya ce wannan katako ne, a mayar da shi wurin kafinta. Dogo yana zuwa ranar da ba ya aiki, amma shi ma da iyalinsa da shagonsa. Na gaji, Auta. Ba irin gajiyar da barci yake maganinta ba. Wani lokaci ina tsaye a kicin sai idona ya kai kan firij, in ji zuciyata tana cewa to mene ne a ciki, minti goma ne fa. Wannan tunanin ya fi kumburin ba ni tsoro.

Ranar Talatar da ta wuce wani abu ya faru, ban faɗa wa kowa ba sai kai. Da safe ne, na zauna gabansa hankalina yana can wani wuri, na manta ban yi kuskuren ba. Hannuwana suka yi ta tafiya da kansu. Ya turo na kauce, ya nemi gicciyawa na zame, ya canza hannu na riga shi isa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, sai da na ji numfashinsa ya canza na farga, na yi maza na ɗaga gwiwar hannu. Bai kulle ni ba. Ya tsaya cak, hannunsa a kan nawa, ya ɗago ya dube ni sosai, irin kallon da rabona da shi an fi shekara. Ya ce wannan ba kuskure ba ne, da gangan aka yi, shi ba a yi masa wayo a aji. Sannan ya kira ni da sunan da shi kaɗai yake kirana da shi, ya ce, “Uwata, ajiye tsintsiyar nan ki shigo ki tsaya daidai. Ai kin iya.”

Babu tsintsiya a hannuna, Auta. Shekarata arba'in da bakwai. Tun ina 'yar shekara tara nake jiran wannan maganar a bakin ƙofar zaure, har na manta ina jiranta. Na ce to, Baba. Na wanke shi ina share hawaye da kafaɗa, shi kuma yana ta faɗa wai ruwan ya yi zafi. Kafin maganin rana na sake komawa Auta a idonsa.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Abin da kake aikowa yana isowa, Allah ya saka da alheri, amma saƙo ba ya zama a kujera ya miƙa wa Baba hannu. Ka nemi hutu ka zo kafin ƙarshen watan nan da Kawu ya yanka. Maganarka yake ji, tawa kuwa sai ya ce tausayin mata ne. Ka zo ka nuna masa da idonsa, ka karɓe ni ko na mako uku ne hannuwana su sace, mu kuma zauna da tsofaffin ɗalibai mu ga ko za a samu masu karɓa-karɓa, domin kai za su amsa wa kira. Amma ka shirya, abin da za ka koya ya fi duk abin da ka koya a zaure wuya. Kai da ba ka taɓa yarda a same ka da kuskure ba, sai ka koyi ɗaga gwiwa, kuma ka iya ɓoye cewa da gangan ne. In kuma ba za ka samu zuwa ba, ka faɗa mini kai tsaye, kada ka ce mini in sha Allahu irin ta waya. Na ɗauke ledar daga kan firij na tura ta ƙarƙashin ƙyallayen ɗinki, amma Kawu ya san shagon da ya sayo, ni kuma ban san iya kwanakin da suka rage wa hannuwana ba.

Ka gaida amarya da kyau, ka ce mata ina sane da rigar jaririya da na yi alkawari, na yanka, haɗawa ce ta rage. Ka shafa mini kan 'yata. Ka gaida Ƙanwar Inna in kun haɗu, da maƙwabcin nan naka da ya yi muku ɗawainiya lokacin haihuwa. Baban yara yana gaishe ka, 'yan biyu suna gaishe ka, Goggo ta ce a faɗa maka ka rame a hoto. Dogo ma ya ce a gaida gwani. Baba ne kaɗai bai ce a gaishe ka ba, domin a wurinsa ba ka je ko'ina ba, sau uku yake ganinka kowace rana.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka,
Uwar Baba