Kwalbar da Na Ɗauka a Ɗakin Surukata

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana, sunayen da ke ciki ma na canza su. Don Allah ku ba ni shawara. Ni dattijo ne daga ƙasar Gummi, na haura saba'in, kuma da za a maido mini da yini ɗaya in gyara, da ranar da na shiga ɗakin surukata duba rufi zan zaɓa.

Ɗana Sani direban babbar mota ne, yakan yi wata biyu bai kwana gida ba. Matarsa Balki ɗiyar marigayi aminina ce daga wajen Zugu. Sun shekara tara babu haihuwa. Ashe sun je asibiti a Sakkwato, kunya ta hana su gaya mini, likita ta ce ƙwayayen haihuwarta sun yi ƙaranci tun kafin lokaci, kuma kullum raguwa suke. Ta rubuta mata magani ta sha na wasu watanni, sannan a yi musu aikin nan da ake haɗa ƙwan mace da na miji a asibiti a mayar cikin mahaifa. Duk wannan ban sani ba a lokacin.

Da damina ɗakinta ya fara yoyo, ranar da ta tafi gidan suna sai na shiga in duba kwanon rufi. Ina jan akwati sai wata kwalba ta faɗo a naɗe cikin ɗankwali. Maimakon in mayar, sai na sa aljihu na kai wa wani mai kyamis a kasuwa. Ya juya ta, ya karanta, ya ce, "Baba, wannan ai sinadarin maza ne." Ni kuwa maganin maza kunnena ya ji, irin wanda ake talla da lasifika ranar kasuwa. Ban ƙara tambayarsa komai ba, na karɓe na fito. A hanya zuciyata ke cewa, Sani ya yi sati bakwai ba ya gari, to wa take ajiye wa?

A wajenmu suruki ba ya zaunar da matar ɗansa ya yi mata irin wannan tambaya, uwar yara kuma da zan aika ta riga ta rasu. Na jefa kwalbar a masai, na daina cin tuwonta, in ta durƙusa gaishe ni da kai nake amsawa. Sai na gaya wa ƙanena, na ce ya bar ta a cikinsa. Bai bari ba. Kafin sati magana ta kai bakin rijiya, mata suna yin shiru in Balki ta iso da bokiti.

Da ta ji abin da ake faɗa, ta duba akwati ba kwalba, sai ta kama ɗiyata Saratu, don ita kaɗai ta taɓa nuna wa maganin, a lokacin tare suke cin abinci a kwano ɗaya. Saratu ta rantse har tana kuka, Balki ta ce ta ci amanarta. Ina zaure ina jin su, ban fito na ce ni na ɗauka ba. Washegari Balki ta hau babur ta koma wajen innarta, bayan tafiyarta hanya ta lalace saboda 'yan bindiga, ita ma ta rantse ba ta ƙara haɗiyar maganin da ya jawo mata wannan suna. Ta fi shekara a can, ranar da likita ta sa musu ta wuce.

Da Sani ya dawo ya tara mu, ya ajiye katin asibiti a gabana. Ya ce, "Baba, likita ce ta rubuta. Mata ma suna da sinadarin nan a jikinsu, kaɗan ake ƙara mata ko ƙwayayen za su amsa. Wanda ya yi mata wannan ƙazafi, Allah ya isa tsakanina da shi." Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin.

Da kyar aka yi biko ta dawo. Sun koma asibiti, aka gwada aikin, ba a samu ƙwan da za a haɗa ba. Likita ta ce maganin dama ba shi da tabbas, wasu yana taimakonsu wasu ba ya yi, amma shekarar da aka rasa ba ta dawowa. Na san haihuwa ta Allah ce, sai dai wannan magana ba ta taɓa sanyaya mini rai ba.

Yau shekara biyar ke nan. Ƙanena ya rasu, ba wanda ya san gaskiya sai ni. Ciwon ƙafa ya kwantar da ni, kuma Balki ce ke jinyata. Ita ke dama mini kunu, in na ture kofi ta ce, "Baba, daure ka ƙara, da mi za ka sha magani?" Saratu kuwa in ta zo duba ni a zaure take tsayawa, su biyun ko gaisawa ba sa yi. Ran Juma'a da aka fito da ni zaure, Saratu ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, kai ma ka yarda ni na yi ko?" Na ce ta yi haƙuri. Ta saki hannun ta tafi.

Jama'a ya zan yi? In na faɗa, ina tsoron Balki ta bar gidan gaba ɗaya, auren da aka ɗinke da kyar ya sake ɓarkewa, kuma ban san da wane ido zan kalli Sani ba. In na yi shiru, zan shiga kabari da haƙƙin mata biyu, Saratu ta ci gaba da ɗaukar laifin ubanta. Da wa zan fara, Saratu ko Balki? In tara su gaba ɗaya ne, ko in kira liman ya zauna a tsakani? Malamai da iyaye mata na wannan gida, ku gaya mini gaskiya ko da zafi, kwanana ba su da yawa.

Roƙona gare ku, kada wani ya yi irin nawa. In ka ga abin da ba ka gane ba a gidanka, ka tsaya a yi maka bayani har ƙarshe kafin ka buɗe baki. Ni tambaya ɗaya ce na ji kunyar yi.