Rijiyar Jatau

Daren Laraba, Maris 1995

Har yanzu daɗi nake ji. Yau masu zanen taswira suka biyo ta garkarmu, wato lambunmu na bakin tabki, suna rubuta sunayen wurare. Da suka iso tsohuwar rijiya, babbansu ya tambayi kakata Iya sunanta.

Iya ta sunkuyar da kai. "Ta mai gidanmu ce, Allah ya jiƙan shi."

"Wa ke nan, Iya?"

Ta kau da kai. Kakana ya daɗe a ƙasa, amma har gobe ba ta kama sunan mijinta. Sai na ji mutumin ya ce wa abokinsa da faransanci a sa "rijiya" kawai.

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na kira shi yadda muke kiran malaminmu da faransanci, na ce, "Mushe, Rijiyar Jatau ce. Kakana ya gina ta da hannunsa." Ya rubuta a gabana.

A hanyar gida Iya ta dungure ni. "Marar kunya, gatsau haka?" Can ta rage murya. "Da kyau dai ya rubuta shi?"