Ɗingishin Mati a Wasan Kalankuwa

Daga ƙaninka Aƙilu zuwa ga wana Malam Maitama a birnin Zariya. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da karatu. Mu nan ƙauyenmu na ƙasar Danja an yi girbi, dawa ta yi kyau, matata Ladidi ta sauka lafiya. Sai dai wata damuwa ce ta sa na rubuto maka.

Ka san wasan kalankuwa da samari kan yi bayan girbi, inda sarkin wasa ke raba gardamar akuya, ƙarshe ya cinye akuyar. Tun kakanninmu haka ake yin sa. Bana ƙaninmu Mati aka naɗa sarkin. To, kwana uku kafin wasan ya taka kututturen dawa, ya huda masa ƙafar hagu. Na ce ya haƙura, amma ka san taurin kan Mati. Ya fito fili da rawani yana ɗingishi. Mutane suka kwashe da dariya, sannan dariyar ta mutu wuri guda, don kowa ya tuna Mai gari ma da hagun yake ɗingishi tun da doki ya kayar da shi. Mai garin yana zaune a gaba, bai ko murmusa ba. Ya tashi ya tafi.

Tun ranar kowa ya zama mai fassara. Malam Sanda, limaminmu, ya ce jigon wasan gargaɗi ne ga duk mai haɗama, ba a nufin kowa da shi. Amma Buba bafade ya ce zambo ne tsirara, wai ƙafar ta faɗi sunan wanda ya ci akuyar. Har waƙar da 'yan mata suka saba amsawa, yanzu ya ce da gatse aka rera ta. Wallahi Yaya, tsoro nake ji. An ce ranar Juma'a ta sama za a kira Mati, in laifin ya tabbata a karɓe gonar babanmu, a kore shi daga garin. Ko sallama aka yi a zaure sai in zaci daga fada ne.

Ka taso don Allah. Tare kuka yi karatun allo da Mai gari, zai saurare ka. Mu ba mu da shaida sai ciwon nan, ga shi kuma ya fara kamewa. Uwarmu, wadda kullum take wanke shi da ruwan bagaruwa, jiya ta zubar da maganin. Ta ce a bar shi ya ruɓe har Juma'a, gara ɗanta ya rasa ƙafa da ta rasa shi. Tana faɗa tana kuka, ni kuma na kasa hana ta.

Ka gaishe da matarka Maijidda da Gwaggo Sabuwa. Mati na gaishe ka daga kwance. Haza wassalam.

Ƙaninka,
Aƙilu