Zuwa Ga Razak, Kan Yashin Da Muka Kai Wa Teku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗan'uwana Abdurrazak, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mma mahaifiyarka da sauran mutanen zangonku can Ghana. Lambarka ta daina shiga tun bayan ƙaramar salla, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko wani ɗan garinku zai isar maka.

Ka tafi ka bar min saƙo. Ranar da na raka ka filin jirgi ka ce in sa ido in ga yadda za a ƙarasa gyaran gaɓar tekun nan, in rubuto maka dalla-dalla don ka kai wa manyan garinku. An gama tuni. Ni ne na yi ta jan ƙafa.

Ka tuna farkon zuwana Doha, mutumin Gusau da bai taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba. Kai ka koya min juya tipa a kan rairayi ba tare da ta kafe ba. Ranar da muka fara juye lodi a waccan gaɓar ta kudu da gari, na yi dariya na ce ƙasa duk hamada, amma wai mu ke yi wa teku dakon yashi. Kai ba ka yi dariya ba. Ka nuna min inda ruwa ya zaizaye ƙasa har gindin fitilun hanya ya fito fili, ka ce, "Haka yake farawa. A garinmu, inda muka buga ƙwallo muna yara, yanzu can masunta ke jefa koma."

Sai korona ta zo. Aka ajiye motoci, aka kulle mu a ɗakinmu na unguwar Matar Ƙadim, mu shida. A nan aka kira ka wata rana da hantsi cewa igiyar ruwa ta shiga zangonku ta rushe ɗakin Mma, an kwashe su zuwa ajin makaranta. Ba jirgi, ba hanya. Ka zauna a bakin katifa da waya a hannu har shayinka ya huce. Kwanaki kana maimaita magana ɗaya: gaɓar taku tsakanin ƙananan hukumomi biyu take, kowacce na cewa aikin ɗayar ne. Ana buɗe filin jirgi ka yi sallama da kafil ɗinmu, ubangidan da ya ɗauke mu aiki, ka tafi.

To, ga abin da na gani bayanka. Gaɓar tana hannun baladiya ɗaya, wato ƙaramar hukumarsu ta nan, wurin ɗibar yashin kuma yana yankin wata baladiyar. Suka zauna suka raba aikin. Waɗannan su ba da izinin ɗiba da hanyar da motoci za su bi, waɗancan su baje su daidaita. Kowace safiya injiniyoyinsu biyu na tsayawa ƙarƙashin rumfa ɗaya da takarda ɗaya. Sukan yi musu har a ji muryoyinsu daga cikin mota, amma ba a taɓa tsayar da mu saboda musun ba. Aka jera duwatsu cikin ruwa don su riƙe yashin. Mu kuwa sawu bayan sawu, takunkumi a fuska, gumi na shiga ido, ana ta yalla yalla, wato maza-maza, har magariba. Bayana bai koma daidai ba har yau. Wasu ranakun a zaune nake salla.

Lokacin gasar kofin duniya an ba mu hutu, sai na je wurin wata Juma'a bayan la'asar. Baƙi cike, wasu da tutar ƙasarku a kafaɗa. Na cire takalmi na taka yashin nan mai laushi da muka ɗauko. Na ɗauka zan ji wani abu babba. Ƙafafuna kawai ke ciwo, kuma ba wanda zan juya in nuna wa.

Ga kuma abin da ya hana ni rubutowa. Razak, yashin ba ya zama. Iskar arewa ta taso da sanyi, cikin 'yan makonni ruwa ya sake cinye gefe guda. An sake kiran mu. Ɗaya daga cikin injiniyoyin ya ce haka za a yi ta yi, teku na ɗiba ana mayarwa. Na san ka tafi da zaton aikin sau ɗaya ne a huta, ban so in zama mai karya maka gwiwa ba.

Wani ɗan garinku da ke gadi a unguwar Bin Mahmud ya ce min ya ga hotonka kana cika buhuna da shebur, kai da mutanen unguwa, kuna jera su a bayan masallaci. Ya ce ka kai takarda ofisoshin ƙananan hukumominku biyu, ya ce ka rame. Ba zan ce ka daina ba. Idan ka koma wurinsu, ka nemi su zauna tare, su kuma yarda za su dawo baɗi da baɗin baɗaɗa. Amma don Allah ka ɗauke Mma daga bakin ruwan nan tun yanzu, ko da kuwa za ta yi fushi da kai. Kada ka jira kowa a kan wannan.

Allah ya tsare muku gidajen da suka rage, ya haɗa kan masu iko da ku. Allah ya ba Mma lafiya da wurin kwana busasshe, ya ba ka ƙarfin jiki, ya hutar da mu duka. Amin.

Naka har kullum,
Sani, direban tipa.