Hular Farfesa Gana

Wulari, Maiduguri
3 ga Yuni, 2013

Ya Kellu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Mu nan alhamdulillahi. Yau kwana goma sha takwas da katse layin waya, shi ya sa na ba direban motar kifi wannan wasiƙa.

Ranar Alhamis zan gwada manhajata a gaban Farfesa Gana, shugaban sashenmu. Idan ta yi aiki zai ɗauke ni mataimakin malami. Mu uku ne muke neman gurbin. Aikin manhajar shi ne ta gane fuskar ma'aikaci a bakin ƙofa, ta tsayar da baƙo. Tunda babu intanet, ni na ɗauki hotunan da na koya mata da su, ɗari biyu da sha huɗu, na mutum sha ɗaya. Na gwada ta sau sittin, ta yi daidai sau hamsin da tara. Kuskure ɗayan nan ya hana ni cin abinci.

Ƙaninki,
Madu

8 ga Yuni

Ya Kellu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin 'yarki Najiba?

Ranar Alhamis ɗin, da ƙarfe goma da minti bakwai aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, kwamfuta ta koma kan batir. Farfesa ya cire hularsa yana share gumi, sannan ya tsaya gaban kyamara. Kwamfuta ta rubuta da ja cewa baƙo ne, a bincike shi. Ana cikin haka Baba Ba'ana masinja ya shigo da shayi, sanye da hula zanna mai irin ɗinkin ta Farfesa. Sai kwamfutar ta yi masa maraba da cikakken muƙamin Farfesa. Ya gode mata.

Ashe wata huɗu na yi ina koya mata huluna.

Farfesa bai yi dariya ba. Ya ce kuskuren da aka san dalilinsa ya fi dace, don haka gurbin nawa ne, zai sa hannu da zarar na sake ɗaukar kowa hoto babu hula. Cikin sha ɗayan, Malam James ya yarda nan take, shi dama ba ya sawa. Sauran mutum tara sun ce sai Farfesa ya fara. Farfesa kuma ya ce ya cire sau ɗaya, ya ga abin da ya biyo baya.

Ki taya ni addu'a, ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Madu