Ƙaramar Silinda a Cinyar Surukina

Talata, 14 ga Agusta, 2001

Yau ma ban tsinana komai a ofis ba sai juya Auta. Sunan da Oga Ashafa ya laƙaba wa ƙaramar silindar iska ke nan, wadda mai nutso ke ratayawa saboda ranar da babbar ta bayansa za ta ƙare ko ta ƙi. Tsawonta kamu ɗaya ne, amma ta hana ni sakat. Maɗaurinta na asali ya tsinke tun bara. Na ɗaure ta a jikin babbar, hannuna ba ya kaiwa ga makunninta. Na ɗaure ta a ƙirji, tana dukan haɓata. Ga damina ta yi nisa, koguna sai cika suke, kuma duk ma'aikatarmu ta ceto mu biyu ne muka yi kwas ɗin nutso a Legas. Ɗayan, Oga Ashafa, yana kwance.

Alhamis, 16 ga Agusta

Na taho da ita gida a babur. A shataletale wani ɗan hisba ya tsayar da ni, wai mene ne a ciki. Na ce iska. Ya ce in daina yi masa ba'a. Sai da na murɗa masa ya ji da kunnensa, muka rabu muna dariya.

Matata Safiyatu kuwa cewa ta yi in dai ba tukunyar gas na kawo mata ta huta da hayaƙin itace ba, in fitar mata da ita daga ɗaki.

Asabar, 18 ga Agusta

Na je duba Oga Ashafa. Ƙafar da ya karya a babur har yanzu tana cikin karan ɗori, amma bakin nan nasa lafiya lau. Na yi masa ƙorafin Auta, na ce ni fa da a bar ta, nauyi kawai take ƙara wa mutum. Ya harare ni.

"Nata'ala, ko kududdufi za ka shiga kada ka bar ta a gaɓa. Babbar ta gwamnati ce, ƙaramar ta 'ya'yanka ce."

Na ce to. Na dawo ina jin haushin kaina.

Laraba, 22 ga Agusta

An dace. Maɗaurin fatar da Gaji baduku ya fara yi mini saki yake da ya sha ruwa, sai na samo bel ɗin kujerar mota a wajen 'yan gwangwan, ya ɗinke mini shi da maɓalli biyu. Gefen hagu, ƙarƙashin hammata. Tiyon a naɗe da robar tayar keke, bakin shaƙar a rataye a wuya. Na gwada a ramin burjin bayan unguwar Takur, nan Dutse: sau goma sha ɗaya ina lalubo ta ido a rufe, ban kuskure ba.

To me kuma yake damuna? Na zauna na tashi, na tashi na zauna.

Asabar, 25 ga Agusta

Ruwa tun asuba. Ba kira.

Litinin, 27 ga Agusta, a Ringim

Gara in rubuta tun yanzu.

Da hantsi aka aiko cewa kwale-kwalen Abdulwahab, ƙanen Safiyatu, ya kife yana tsallakar da 'yan kasuwa. Kowa ya fita sai shi, shi da ya fi kowa iya ruwa. Ya koma ne ya turo wata tsohuwa, ita ta fita, shi bai ɓullo ba. Safiyatu ta shiga gaban motar ofis, ni da kayan a baya. Muka iso bayan azahar.

Muna tsayawa jama'a suka yi caa a kaina. Mutanenmu dai ba sa barin baƙo da kaya a hannu: wannan ya karɓi babbar silinda, wancan ya karɓi takalman ruwa, kowa yana sannu da zuwa. Na gama shiri, na juya in ɗauki Auta, babu ita. Can na hango ta a gindin tsamiya, a cinyar Baba Malam Yahuza, mahaifin Safiyatu. Ashe wani ne ya tambayi direbanmu amfaninta, ya ce iskar ceto ce, shi ke nan aka kai wa tsohon. Ya rungume ta da hannu biyu. Da kunnena na ji yana ce wa liman:

"Ita za a hura wa yaron in an fito da shi. Ku bar ta nan kusa da ni."

Shekara tara da auren Safiyatu ban taɓa kallon fuskar Baba ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa. Yau kuma in ratsa taro in zare abin da ya rungume? In ce masa me? Duk wanda ya karɓe ta ai ya gaya masa ɗansa ya rasu ke nan. Na tura direba. Ya je ya durƙusa, ya daɗe, ya dawo hannu wofi. "Wallahi na kasa."

Haka na shiga.

Ruwan ja wur, ba ka ganin tafin hannunka, sai lalube. Na daɗe ƙwarai kafin in kai ga saiwar wata bishiya da ruwa ya kayar, tsohuwar raga ta naɗe a jikinta. A cikin ragar na taɓa diddigen mutum. Ina ƙoƙarin yankewa ni ma ta kama ni ta baya, ta sarƙe a kan silinda. Na ruɗe, na yi ta haki, na cinye iskar da ya kamata ta kai ni sama. Na ja numfashi na ji ya yi tauri. Hannuna da kansa ya tafi hammatar hagu. Ba komai a wurin.

Ban san yadda wuƙar ta samu zaren ƙarshe ba. Na fito ina aman ruwa, na ce wa jama'a sai gobe. Ban ce na taɓa shi ba. Direba ya koma Dutse ɗauko babbar silindar Oga Ashafa.

Safiyatu ta same ni a bayan gida kafin magariba. Kallo ɗaya ta yi mini. "Ka same shi?" Na gyaɗa kai. Ta yi kukanta ta share, sannan ta ce ai direba ya riga ya gaya mata komai. Har ta je wajen Baba karɓo Auta, ya ce ta koma cikin mata.

"Ni in na faɗa zai ce tsoro ne. Kai ka taɓa shi, kai za ka faɗa. Na rasa ƙane, ba zan haɗa da miji ba."

Tsoro nake ji. Na ruwan da na Baba, ban san wanda ya fi ba.

Talata, 28 ga Agusta

Bayan asuba na same shi a zaure, Auta na gefensa a kan buzu, ya lulluɓe ta da rawaninsa. An ce ya yi ta ba mutane labarin wani da aka taɓa fitarwa da rai bayan kwana biyu. Na durƙusa. Wannan karon na matsa har gwiwata ta taɓa buzun.

"Baba, jiya na taɓa shi. Allah ya karɓi abinsa. Wannan ba za ta yi masa amfani ba. Tawa ce. In na koma babu ita, ƙila ni ma ba zan fito ba."

Ina jin ƙarar carbinsa, sai ta tsaya. Ya yi salati a hankali, ya ce daga Allah muke gare shi za mu koma.

"Jiya da ka shiga, babu ita ka shiga?"

"E, Baba."

"Kuma ka gan ta a hannuna."

"Na gani."

Muka nufi bakin kogi. Shi ya ɗauko Auta, ya hana kowa karɓa. Da na goya babbar sai ya matso ya ce, "Nuna mini inda ake ɗaurawa." Ya juya maɓallin farko baibai. Na kama hannunsa na gyara, ni, a gaban jama'a. Ya ja bel ɗin har sai da na ji shi a haƙarƙari, ya sake ja.

Na fito da Abdulwahab da hantsi. Ban ko buɗe Auta ba. An rufe shi kafin azahar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Alhamis, 30 ga Agusta

Sadakar uku. Aka shigo da tuwo zaure, na miƙe zan sulale waje kamar kullum. Baba ya turo kwanon gabana da bayan hannu.

"Zauna. Daga yau in ka ga na riƙe abin da zai kashe ka, ƙwacewa za ka yi. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Na ci loma uku, ko huɗu. Ba wai na daina jin kunyarsa ba ne, abin dai ya zo a haka, kuma ba kyau a ƙi abincin sadaka.

Yana da tabo a gefen idonsa na hagu. Shekara tara ban sani ba.